Tambayar Kakakin Sarkin Abrekuma

Abrekuma, 2 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Afrakoma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da aikinki da mutanen da kuke zaune tare a Accra. Mu nan lafiya lau muke. Antinki Adoma tana gaishe ki, gwiwarta ta yi sauƙi har ta koma zuwa coci da ƙafa. Kokon gona, wanda ake cakulan da shi, ya yi kyau bana, sai dai ruwa ya hana shi bushewa. Na san za ki yi mamakin ganin saƙona ta kwamfuta. Kakarki da uwata ciki ɗaya suka fito, don haka ko da kin yi shekara shida ba ki leƙo gida ba, ni wofanki ne, kawunki na wajen uwa, kuma in abu ya sha mini kai ina da ikon in nemo ki.

Ga abin da ya kawo ni. Kin san shekara ashirin da shida ke nan ina riƙe da sandar kakaki a fadar garin nan. Duk mai magana da sarki ta bakina yake bi, kuma ranar Akwasidae, bikin fada da muke yi duk bayan sati shida, ni nake kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya su zo gaisuwa, in faɗi uwar kowa da kakarsa har zuwa tsohuwar da ta kafa gidan. Duk a kaina suke, ban taɓa duba takarda ba. To, sabon Nana, wato sarkin da muka naɗa bara, wanda ya girma a Kanada, tun watan Mayu ya faɗa a gaban dattawa cewa yana son gidajen garin nan da zuriyarsu su shiga kwamfuta kafin Akwasidae ta Oktoba. Ya ce in ba zan iya ba Bediako zai yi, kuma shi zai riƙa karantowa ranar taro. Kin tuna Bediako, mai shagon buga katin jana'iza a Mampong. In har shi ya kira gidaje, ni na koma tsoho mai riƙe da itace a gefen sarki.

Shekara talatin na koyar da lissafi, ba za a tsorata ni da akwati ba. Na sayi kwamfutar gwanjo a Kumasi, na yi wata huɗu ina koyon yaren Python, na rubuta manhaja da hannuna. In kin ba ta sunan mutum, sai ta hau daga uwa zuwa uwa har ta kai tushen gidansu. Na zuba mata suna ɗari huɗu da sha biyu. A wasu gidajen tana aiki cikin ladabi. A wasu kuwa sai ta yi tsit, fankar cikinta ta yi ta huci, can sai ta amayo jan rubutu ya cika allo.

Wani tsohon abokin aikina ya ce akwai dandali a intanet inda masana ke amsa tambaya kyauta. Na je, na rubuta yadda ɗan mutunci zai yi in ya shiga gidan da ba a san shi ba. Ga abin da na rubuta:

"Ina gaida dattawan wannan zaure, da masu riƙe da shi, da waɗanda suka riga ni zuwa. Da fatan kun tashi lafiya da iyalanku. Ni baƙo ne, kuma ba da sharri na zo ba. Akwai wani mutum da ya dasa bishiya ya yi mata ban ruwa, amma in ya hau wasu rassan sai ya kasa saukowa. Mai hankali ya riga ya gane. Ina sauraron hikimarku."

Afrakoma, ba a yi minti goma ba wani ya share gaisuwata kaf. Mutum huɗu suka danna mini alamar ƙasa, wato tambayar ba ta yi musu ba. Wani ya rubuta, "Baba, nan wurin masu rubuta manhaja ne, ka nemi dandalin masu lambu." Daga nan aka rufe tambayar, wai ba a gane abin da nake nema ba. Ni da ake aikowa daga garuruwa uku a ɗauke ni in an rasa mai tsara magana.

Wannan fagenki ne. Ki bincika mini ko su wane ne mutanen nan, kuma wa ya rene su.

Wofanki,
Twumasi


Accra, 4 ga Satumba

Wofa,

Ina gaisuwa da ladabi. Lafiyata ƙalau, sai aiki da cunkoson mota. A gaida Anti Adoma, a ce mata ta bar ɗaukar kwandon koko da gwiwar nan tata.

Wofa, ka yafe mini, a ofis na karanta tambayarka, na yi dariya har abokiyar aikina ta zo leƙawa, ita ma ta nemi kujera. Ba wanda ya zage ka. Mutanen nan ba su san ka ba, ba su san Abrekuma ba. Wani yana Indiya, wani yana Masar, kowa ɗan minti biyar ya tsakuro daga aikinsa don ya taimaki wanda bai taɓa gani ba. Gaisuwar kowa suke sharewa, ko ta minista ce. Gaskiyar magana, tambayar ce ba ta yi kyau ba. Kamar ka je asibiti ne likita ya ce me ke damunka, ka ce masa wani mutum ya dasa bishiya.

Ka sake rubutawa. A sama ka faɗi matsalar a layi ɗaya. Sai ka faɗi abin da ka so manhajar ta yi, da abin da ta yi a maimakonsa. Jan rubutun nan shi suka fi son gani, ka kawo shi yadda yake, kada ka gyara masa magana irin yadda kake gyara ta masu ƙara kafin ta kai kunnen Nana. Ka kuma faɗi abin da ka riga ka gwada, don kada su ɓata lokaci suna maimaita maka. In kana so a huta gaba ɗaya, turo mini manhajar da sunayen in duba ranar Asabar.

'Yarka,
Afrakoma


Abrekuma, 9 ga Satumba

Afrakoma,

Muna lafiya. Antinki ta ji saƙonki, ta ce gwiwar tata ce.

Na ga inda kika rubuta cewa ban iya magana ba. Sau uku na karanta wurin. Ranar ko sakwara ban ci ba, Antinki ta zaci zazzaɓi ne. Na yi wa sarakuna biyu kakaki, na raba rigimar gona da ta shekara goma, ban taɓa jin an ce maganata ba ta yi kyau ba sai daga bakin yarinyar da na riƙe ranar sunanta. Amma ba komai, Accra ce.

Batun sunaye kuwa, ba zan turo ba, ko gare ki. Da kin zauna a gida da kin sani. Dokar kakanninmu ce, ba a tona asalin wani. A cikin jerin nan akwai gidajen da tsohuwarsu ba da ƙafarta ta zo garin nan ba, kuma jikokinta yau manyan mutane ne, wasu ma ba su sani ba. Ni na sani, sarki ya kamata ya sani, shi ke nan. Ba zan shanya wannan a gaban mutumin Indiya ba.

Duk da haka na bi sauran maganarki. Gaisuwa na rage ta zuwa layi biyu, su ma an share. A sama na rubuta, "Kwamfuta ta ƙi, a taimaka da gaggawa." Jan rubutun na ɗauki hotonsa da waya na saka. Abin da na gwada kuma na jero shi ba ɓoyo: na kashe ta na kunna sau bakwai, na fitar da ita ƙarƙashin mangwaro ko zafi ne ya dame ta, na goge allon da tsumma, fasto ma da ya zo duba Antinki ya ɗora mata hannu.

Wani ya amsa, "Ba a iya kwafar rubutu daga hoto, kuma rabin allon hasken rana ne. Amma zanen matar da ke tsaye bayanka yana da kyau." Antinki ta ji daɗin wannan, ita kaɗai ta ƙaru. Wata ta ce in nuna layukan manhajar da sunayen da ke karya ta. Na ce mata akwai abin da ba a faɗa. Aka sake rufewa. Yanzu alamar ƙasa shida gare ni, kuma dandalin ya gargaɗe ni cewa in na ƙara irin wannan za a hana ni tambaya.

Twumasi


Abrekuma, 21 ga Satumba

'Yata,

Da fatan kina lafiya. Kwana goma sha biyu ke nan da wasiƙata ban ji daga gare ki ba. Kullum sai na hau tudun makaranta inda waya ke kamawa, in duba, in sauko. In maganar da na yi a kan Accra ce ta ɓata miki rai, na janye ta. In kuma hana ki sunaye ne, wannan ba zan janye ba, amma ki sani ba don na raina ki ba ne.

Saura sati uku. Bediako ya ɗinka sabon zanen kente na shiga taro. An ji shi a bayan shagonsa yana gwada kiran gidaje, yana jan murya kamar kwandastan mota. Shekaranjiya ya tare ni a kasuwa, ya kira ni da sunan sarautar kakaki a yarenmu, ya ce, "Okyeame, in akwatin ya fi ƙarfinka ka kawo, ai mu 'ya'yanka ne." Na ce masa na gode, Allah ya ƙara masu mutuwa su nemi kati a wurinsa. Bai gane ba, har da cewa amin.

Ba na ɓoye miki, tsoro nake ji. Sandar nan wofana ne ya miƙa mini ita da hannunsa.

Wofanki,
Twumasi


Accra, 23 ga Satumba

Wofa,

Ka yi haƙuri, ba fushi na yi ba. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da ni, kwana tara ban buɗe kwamfuta ba. Yanzu na warware, har na ci kenke biyu yau da safe. Kada ka faɗa wa Anti Adoma, za ta aiko da ganyen da ya fi ciwon ɗaci.

Ka koma ka duba wasiƙata. Ban ce ba ka iya magana ba, tambayar na ce. Kai aikinka ka naɗe magana don kada ta ji wa kowa ciwo, su kuma can so suke a kwance musu ita.

Batun asali ka yi gaskiya, ni ce na yi wauta. Amma ba sunayen gaskiya suke buƙata ba. Ka ƙirƙiro na ƙarya. Abin da ake so shi ne ɗan ƙaramin misali wanda kowa zai kwafa ya gwada a kwamfutarsa ya ga ta karye irin yadda taka ke karyewa. Ka raba sunayen biyu, ka gwada kowane rabi. Wanda ya karye ka sake raba shi biyu. Ka yi ta yi har ka kai inda in ka cire suna ɗaya sai ta yi aiki. Lissafi ne, Wofa, fagenka ne ba nawa ba.

Tambaya ɗaya ta rage maka a dandalin nan, kada ka saka ta sai ka nuna mini.

'Yarka,
Afrakoma


Abrekuma, 29 ga Satumba

Afrakoma,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na faɗa wa Antinki, ganyen yana hanya a motar Kofi Badu. Ki sha.

Na fara da sunayen ƙarya. Na ɗauki gida ɗaya da ke karyewa, na canza mutanensa zuwa Doya, Rogo, Ayaba, Gwaza, Barkono, har na ƙare kayan gona na shiga kifi. Na danna, sai ga ta ta yi aiki sumul. Na mayar da sunayen gaskiya, ta karye. Na zauna ina kallonta, na ce wato ke ma kin san gidan da ba a taɓawa.

Sai na koma rabawa. Kwana biyu ina yi, daga ɗari huɗu da sha biyu har na sauko kan mutum uku, kaka da 'ya da jika. Ina ganinsu na dafe kai. Ai mu jika sunan kakarta ake sa mata, in kuma a rana ɗaya ta mako aka haife su, tunda muna sa sunan rana, sunan kaf ɗaya ne. Manhajar tana hawa daga jika zuwa uwa, daga uwa zuwa kaka, sai ta ga sunan da ta fara da shi, ta zaci jikar ce, ta sake hawa. Haka take ta zagaye har numfashinta ya ƙare. Da na sa kayan gona kowa da sunansa daban, shi ya sa ta yi lafiya. Rabin matan garin nan a wurin kwamfuta su suka haifi uwayensu.

Ban jira ki ba, ki yi haƙuri. Na rubuta a sama, "Hawa daga uwa zuwa uwa ba ya tsayawa in mutum biyu suna ɗaya ne." Na sa layi tara na manhaja, Doya ta haifi Rogo, Rogo ta haifi Doya. Na kwafo jan rubutun da hannu biyu. Na ce na so ta tsaya a kan kaka, ita kuma ta ƙi tsayawa, kuma na gwada canza sunaye ta yi aiki amma mutane ba sa canzuwa. Ban gaida kowa ba. Da na danna aikawa sai na ji kamar na shiga coci ba riga.

Minti bakwai wata mata daga Brazil ta amsa. Ta ce in ba kowa lamba tasa, manhajar ta bi lamba ta bar suna, ta nuna mini a layi huɗu. Na yi, gidaje duka suka fito. Mutum goma sha ɗaya sun danna mini alamar sama, na faɗa wa Antinki, ta ce ko ana cin su.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Wani ya rubuta a ƙasa, "Tambaya mai kyau. Amma wa zai yi amfani da jerin nan, kuma me yake so ya yi da shi? Wani lokaci ba manhaja ake buƙata ba." Na buɗe baki in amsa, na ga ban sani ba.

Wofanki,
Twumasi


Accra, 1 ga Oktoba

Wofa,

Ganye ya iso, na sha, ina raye. Na ga tambayarka, na sha biyun ni ce. Na nuna wa duk ofis na ce wofana ne.

Kada maganar mutumin nan ta dame ka, kowa suke yi wa ita. Mutane da yawa ba sa faɗin abin da ke damunsu, sai su zaɓi magani da kansu su zo suna tambaya a kan maganin. Da Nana zai shiga dandalin da wannan umarnin nasa, shi ma rufe masa za su yi sai ya faɗi me yake nema. Kai dai ka kai masa aikinsa ka karɓi yabo.

'Yarka,
Afrakoma


Abrekuma, 7 ga Oktoba

'Yata Afrakoma,

Muna lafiya, da fatan ke ma haka. An yi rana kwana uku, koko ya bushe.

Na bi shawararki na rufe wa Nana tambayarsa. Na san za ki ce ba haka kika ce ba, Antinki ma da na karanta mata ta ce wasa kike yi, amma lokacin na riga na sa zane.

Jiya da safe na je fada da kwamfutar a hammata. Sandar na jingine ta a bakin ƙofa, abin da ban taɓa yi ba. Na cire takalmi, na sauke zane daga kafaɗa. Dattawa biyar suna zaune, Bediako ma yana gefe da sabon kentensa.

Na ce, "Nana, yau ba kakakinka ne ya zo ba. Tsohon malamin lissafi ne, da tambaya ɗaya."

Ya ce, "Ina ji."

Na ce, "Aikin da ka sa ga shi, an gama, gida ko ɗaya bai ɓace ba. Amma me kake so ka yi da shi? Me ka so ya faru a fadar nan da bai faru ba?"

Opanin Agyekum, babban dattijon fada, ya zuba mini ido kamar na tuɓe a kasuwa. Ya ce, "Twumasi, giya ka sha da safen nan? Sarki ake tambaya?" A raina na ce shi ke nan, sandar da na jingine a waje can za ta zauna.

Sai Nana ya ce kowa ya fita ban da ni. Bediako sai da aka faɗa sau biyu.

Da muka rage mu biyu ya ce, "Okyeame, a Akwasidae ta Afrilu wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce ita ta yi mini wanka ranar da aka haife ni. Na yi mata murmushi na ce na gode. Har yau ban san ko wace ce ba. Kai kana zubo sunaye, kowa yana gyaɗa kai, ni kaɗai ne a wurin ban san kowa ba, kuma ni ne a kan kujera. Na ce in suna cikin kwamfuta sai in riƙa karantawa a ɗaki ba wanda ya sani."

Na ce, "To Bediako fa?"

Ya ce, "Shi a hankali yake karatu. Na ga zan iya binsa."

Na ce, "Nana, wata huɗu na yi ina fama da akwatin nan, an yi mini dariya daga Indiya har Masar. Me ya hana ka ce in koya maka?"

Ya ce, "Ta bakin wa zan faɗa? Kai ne bakina."

Afrakoma, na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar kaina. Shekara guda ina tsaye kusa da shi ina nuna gwaninta, ban taɓa juyowa na duba fuskarsa ba.

Ranar Lahadi ni zan kira gidaje, da sandata, kuma na yi alkawari zan rage gudu. Bediako zai buga katin taro, ya samu inda zai sa kentensa. Tsohuwar kuwa Maame Pokuaa ce, ƙanwar kakarsa. Da na faɗa masa sai ya maimaita sunan sau biyu a hankali, ya tambayi ko da ƙafa ake zuwa gidanta. Gobe za mu fara, gida biyu kullum. Ya roƙe ni in zo kafin masu gaisuwa su taru, kuma in shigo ta ƙofar baya.

Wofanki,
Twumasi